Motar Alhaja Sikira Ba Ta Dawowa Wayam

A wannan watan ne Alhaja Sikira ta cika shekara tara da komawa ga Mahaliccinta. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Fagge, kuma mun yi zaman da ya haura shekara talatin ba a taɓa jin kanmu ba, in ka cire faɗan barkono, don ita ba ta iya girki ba sai ta zuba attaruhun da zai sa baƙo hawaye. Kowace shekara in ranar ta zagayo nakan yi ɗan abin sadaka in ja bakina. Bana na ce ba zan yi shiru ba. Akwai labarin da nake so masu karatu su ji, na wata tsohuwar mota da muka kusa sayarwa, kuma da mun sayar da ita, da yau ba ni da bakin ambaton sunan Alhaja a jarida.

Ga wanda bai san ta ba, sunanta Sikiratu, amma duk Kantin Kwari Alhaja Sikira ake ce mata. Mahaifinta daga Ogbomosho ya zo Kano fataucin goro, ya zauna a Fagge, a nan aka haife ta. Baƙi sukan ji sunan su shirya jin gurguwar Hausa, sai ta buɗe baki su ji Kananci tsantsa, har da gatse. Ni da iyayena suka zo daga Borno, ita ke gyara mini Hausa. Ina koyarwa a firamare a lokacin, tana ce mini Malama, ina ce mata Alhaja, ko da yake in mun keɓe mukan ajiye girman mu yi ta tsiya, ta ce Barebari ba su iya komai ba sai tsadar kaya, in ce Yarbawa ba su iya magana a hankali ba.

Akwai wata koriyar langa mai murfi da ke yawo tsakanin gidajenmu. Har yau ban san ta wace ce ba a cikinmu. Ta aiko mini alala a ciki, in mayar da sinasir. Ta aiko amala da miyar ayoyo, in mayar da burabusko. Ranar da ban yi girkin kirki ba sai in ƙulla turaren wuta in saka, don a unguwarmu ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam. Kowace mace a Fagge ta san wannan tun kafin ta iya hura wuta. Abin da ya bambanta Alhaja shi ne, ita ta ɗauki wannan ɗabi'a ta tsakar gida ta ɗora wa babbar mota.

Sana'arta shadda. Takan sayi fara, ta kai marina a rine mata, ta kai wa masu bugu su buga har ta yi ƙyalli, sannan a ɗaure dila-dila a aika Damagaram, inda matan can ba su da kamar rinin Kano. Ba ita kaɗai ba ce. Mata da yawa a Fagge suna wannan harka, mai dila biyu, mai dila ɗaya, har da irina mai 'yan turamen da ake cusawa a dilar wata. Kowacce takan kai kayanta tasha ita kaɗai, ta yi ciniki da ɗan kamasho ita kaɗai, a yanka mata kuɗin mota yadda aka ga dama. In kaya suka isa, aka cire kuɗin mota, aka cire kuɗin fito na bakin iyaka, aka cire abin da aka miƙa a shingayen hanya, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Ƙanena Modu direban babbar mota ne, kuma shi ya fasa ƙwan ba da niyya ba. Wata rana da la'asar ya shigo gaishe ni, ya tarar da Alhaja tana zagin direbobi kaf ɗinsu, ta haɗa da shi. Ya bari ta gaji, sannan ya ce, "Alhaja, ai ba kuɗin zuwa kaɗai kuke biya ba. Motar in ta sauke kayanku wayam take dawowa, kuma mai take sha a dawowar. Wa kike so ya biya?" Alhaja ta tsura masa ido. Can ta ce, "Wato duk shekarun nan iska nake biya wa kuɗin mota daga Damagaram zuwa Kano." Modu ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Mako bai zagayo ba ta hau gaban motar Modu, da butarta da dardumarta, ta tafi Damagaram. Ba karɓar ciniki ya kai ta ba, kasuwa ta je zagayawa tana kallon abin da ake lodawa ana yin kudu da shi. A can ta haɗu da Hajiya Zali, mai fataucin aya da dabino da kanwa, wadda ke da irin ciwonta sak, sai dai nata a juye: motocin da take ɗauka haya su kai kaya Kano, su ma wayam suke komawa. Matan biyu suka zauna a rumfa, suka sha shayi, suka gama magana ba takarda ba shaida. Mota ɗaya za ta tashi daga Kano da tufafi, ta juyo da kayan Hajiya Zali, a raba kuɗin hanya biyu. Daga ranar Alhaja ta kafa doka, kuma ba ta taɓa karya ta ba har ta bar duniya: mota ba ta barin Kano sai an san abin da za ta ɗauko a dawowa.

"Me za ta dawo da shi?" Wannan tambaya ta zame mata kamar sallama. 'Yan dakon unguwar Bata, inda ake mana lodi, in sun hango ta sai su fara faɗa wa juna ƙasa-ƙasa suna dariya. Ta taɓa tsayar da cikakken lodi kwana da kwanaki, mata suna kuka da ita, masu jiran kaya suna ta aike, don kawai ayar Hajiya Zali ba ta gama bushewa ba. A gida ma ba a tsira ba. In ta aiki 'yarta Rashida kai saƙo Sabon Gari, sai ta tsayar da ita a ƙofa ta ce, to, me za ki dawo da shi, ko haka za ki dawo mini kina kaɗa hannu? Rashida ta tsani tambayar nan. Ta sha shigowa gidana tana ƙunƙuni, tana cewa, "Inna, wallahi in na girma ba zan taɓa yi wa kowa wannan tambayar ba." Mai karatu ya riƙe mini wannan alkawari nata.

Tufafinmu kaɗai ba sa cika mota, don haka Alhaja ta bi gida-gida ta tattara ƙananan 'yan kasuwa irina, ta ce mu daina zuwa tasha ɗai-ɗai kamar marayu. Da ta ga wuri ya rage a saman motar, ta tsallaka kasuwar Sabon Gari ta samo Mama Ngozi mai bokitai da takalman roba, kaya marasa nauyi, aka ɗora su kan diloli. Babu ruwanta da yarenka ko inda kake ibada, in dai kayanka za su cike gurbi. Cikin 'yan shekaru abin da kowace dila ke ci a hanya ya sauko sosai, har muka yi adashi muka sayi tamu motar, tsohuwa ce amma mai ƙwari, Modu ya bar ubangidansa ya dawo yana ja mana. Mutanen Bata suka sa mata suna Motar Mata da nufin tsokana, mu kuwa muka kira mai fenti ya rubuta mana shi a goshinta. Rubutun yana nan har yau, sai dai fentin ya koɗe.

Abin da ya fi ƙona mata rai, fiye da kuɗin mai, shi ne kuɗin fito. Farar shaddar da take saya an riga an biya mata fito a tashar jirgin ruwa kafin ta iso Kano. Ta rina, ta buga, ta ɗora gumin mutanen Kano a kai, in an je bakin iyaka a sake biya kamar daga sama kayan suka faɗo. Ga kuma shingaye, wannan da igiya, wancan da gungume, kowanne da abin da yake nema. Sannan ka shiga kasuwar Damagaram ka tarar da atamfar da ta ƙetaro teku, ta sauka a Kwatano, ta yi doguwar tafiya a mota, ana sayar da ita ƙasa da namu kayan, mu da in mota ta tashi da safe ba a tsare ta ba za ta yi la'asar a can. Alhaja takan ce ita ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ta san akwai abin da ya karkace in baƙon nesa ya fi maƙwabci sauƙin shiga gidanka. Mutanen nan yarenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, muna auratayya da su.

Duk da haka ba ta taɓa yarda a bi da kayanmu ta daji ba. An sha kawo mata shawarar, har da masu rantsuwa cewa sun san hanyar da ko makiyayi bai sani ba. Mutane sun ɗauka tsoron Allah ne kaɗai, kuma akwai shi, amma ni da na san ta na san har da dabara. Motar da ta shiga gari a ɓoye ba ta isa ta tsaya tsakiyar kasuwa da rana tsaka a yi mata lodin aya ba, dole ta sulale ta dawo wayam. Sai ta bincika ta gano cewa kayan da aka yi a gida, irin saƙi da takalman fata da robobin Kano, fitonsu bai kai na kayan da aka shigo da su aka sake fitarwa ba, ta riƙa karkata lodin zuwa can. In kuwa aka yanka mata fiton da bai gamshe ta ba, ba ta faɗa. Takan shimfiɗa darduma a inuwa, ta ciro carbi, ta ce ita ba ta sauri.

Rasuwarta ba ta zo da doguwar jinya ba. Ta aiko mini alala a langar nan, da zafinta, na ce gobe in na yi sinasir zan mayar. Kafin goben aka wuce da ita asibiti, ba ta dawo gida da ƙafarta ba. Bayan an tashi daga zaman makoki na wanke langar na ɗora a saman kabad. Sau da yawa nakan sauko da ita in ce yau zan kai wa Rashida, sai in rasa abin da zan zuba wanda ya kai, in mayar. Wayam kuwa ba zan kai ba, ko za ta tsufa a wurina.

Rashida ce ta karɓi shagon da ragamar motar. Yarinya ce mai kai, ta yi jami'a, ta iya mu'amala, kuma ta fi uwarta sanyin baki nesa ba kusa ba. Hanyar da Alhaja ta shimfiɗa tana tafiya da kanta, tufafi su tafi, aya ta dawo, don haka Rashida ba ta taɓa buƙatar yin tambayar da ta tsana ba. Rufe iyakar da gwamnati ta yi karo na farko ya girgiza mu, amma muka lallaɓa da ɗan abin da muka tara har aka buɗe. Na biyun ne ya zo a mugun lokaci, don ya haɗu da tsadar mai irin wadda ban taɓa gani ba tunda nake. Motar Mata ta tsaya cik a wani fili bayan Bata. Tayoyinta suka sace, awaki suka mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa. Duk sanda na wuce a adaidaita sai in kau da kai.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙarfe nake wa kuka. A bayan motar nan akwai zawarawa masu riƙon marayu, akwai matan da mazajensu suka rasa aiki, akwai marina da masu bugu da suka saba jiran farar shaddarmu. Babban ɗan kasuwa in hanya ɗaya ta toshe yana da wata. Mai dila ɗaya in ta rasa motar haɗaka, ta koma tasha ita kaɗai a wannan tsadar, ta gama kasuwanci ke nan. Duk mun san haka, amma gidaje da yawa an fara kwana ba a ɗora tukunya ba. Wani mai harkar yashi ya zo ya duba motar, ya bubbuga ta, ya yi tayi. Aka kira taro a tsakar gidan Alhaja wata Asabar da hantsi, don a sallama.

Na je taron da fushina. Na yi magana har muryata ta dushe, na ce motar nan Alhaja ce ta haife ta, na ce ko kunya ta isa ta hana mu. Wata daga cikinmu, wadda ba zan kama sunanta ba don gaskiya ta faɗa, ta ce, "Malama, ke kina da fansho. Ni kunyar zan dafa wa yara?" Na nemi wuri na zauna. Mama Ngozi tana gefe tana share ido da bakin zani. Rashida kuwa tana kan tabarma, kanta a sunkuye, ta ce ita ba za ta riƙe haƙƙin kowa ba, in an ce a sayar, a sayar.

Modu yana zaure, don ba ya shiga cikin mata, sai ya yi gyaran murya ya ce kafin a sallama akwai wata 'yar magana. Wani mai wake a kasuwar Dawanau yana neman motar da za ta kai masa lodi Ibadan. Shi dai bai ga riba a ciki ba, in an cire man zuwa da dawowa ba abin da zai saura, amma ya ce bari ya faɗa kada a ce ya ɓoye. Rashida ko ɗago kai ba ta yi ba. Bakinta ne kawai ya motsa, muryar kuwa wallahi ba tata ba ce, har da 'yar tsawar nan ta ƙarshe.

"Kawu Modu, me za ta dawo da shi?"

Rashida ta ɗago, ta toshe bakinta da hannu biyu kamar wadda ta yi saɓo. Ni ce na fara dariya, dariyar da ban san sanda ta juye kuka ba, sauran suka biyo ni. Daga zaure Modu ya ce, a hankali, "Allah Ya jiƙan Alhaja." Da aka natsa sai muka ga ai tambaya ce, kuma tana neman amsa. Shekara da shekaru mun saba mota arewa take yi, har mun manta titi yana da kudu. Me ake kawowa daga ƙasar Yarbawa wanda Kano ke saya? Mama Ngozi ta ce manja, ta ce masu manja a layinsu na Sabon Gari kullum kuka suke da kuɗin mota. Wata ta ce goro, wata ta ce garin rogo. Rashida ta roƙi a ɗan ɗaga mata ƙafa kafin a kira mai yashi, aka yarda da ƙyar.

Ta tafi Ogbomosho, garin kakanta, wanda yake kan hanyar dawowa daga Ibadan, kuma rabonta da shi tun tana firamare. Yarbancinta na Fagge ne, rabi Hausa, in ta yi gaisuwa dangi sai su kwashe da dariya su ce Bahaushiya ta zo. Ta bar su suka yi dariyarsu ta ishe su. Ta durƙusa wa tsofaffi yadda uwarta ta koya mata, ta ci amala, ta bi 'yan uwa kasuwa-kasuwa, ƙauye-ƙauye, har ta samu matan da ke tara manja da garin rogo suna neman mai kai musu arewa da rahusa. Ciwon da Alhaja ta tarar a Damagaram, shi 'yarta ta tarar a can. Ta bugo waya ta ce Kawu Modu ya nemo makanike, ya kori awaki.

Ba zan manta ranar da motar ta dawo ba. Da rana tsaka ta shigo Sabon Gari tana nishi, jarkokin manja jere har sama, buhunan gari a baya, Rashida a gaba kusa da Modu, inda uwarta ke zama, duk ta yi zuru-zuru don gajiya. Kafin a gama saukewa masu shaguna sun yi layi. Mu tsofaffi muka tsaya bakin titi muna rangaɗa guɗa ba kunya, 'yan dako suna tafi, masu adaidaita suna danna mana hon don mun tare hanya. Ribar tafiyar farko ba wata mai yawa ba ce, amma ta isa kowa ta ɗora tukunya, ta kuma isa a sake zuba mai. Mai yashi ya dawo jin amsa, Rashida ta ba shi ruwan sanyi da haƙuri, ta raka shi har ƙofa. Matar da ta tambaye ni ko kunya za ta dafa, ita ce yanzu ke kula da lodin manja, kuma ko jarka ɗaya ba ta taɓa yin ciwon kai a hannunta ba.

Da aka buɗe iyaka ba mu saki kudu ba. Hajiya Zali ta tsufa, ta daina fita kasuwa, amma 'yarta ta gaje ta, kuma ranar da Rashida ta kira ta cewa ta yi dama Motar Mata suke jira. Yanzu aya da dabino su sauko daga Damagaram, wasu su tsaya Kano, wasu su wuce kudu tare da wake. Manja da goro su hauro, wasu su tsaya Sabon Gari, wasu su wuce arewa tare da shadda. Masu motocin da suka saba zuwa da kaya su dawo wayam, tsadar mai ta kwantar da da yawansu, wasu har sun zo tambayar yadda muke yi, Rashida kuwa ba ta ɓoye musu. Bara muka sayi mota ta biyu, aka rubuta Alhaja Sikira a goshinta da jan fenti.

Nakan zauna in yi tunanin abin da za ta ce da za ta leƙo yau. Wayar nan da Rashida ke ɗaga shadda a gabanta, mace a Damagaram tana kallo tana zaɓar launi, na san da farko za ta ce shirme ne, mai saye sai ya taɓa, bayan kwana biyu kuma ta ƙwace wayar ta hana kowa. Kuɗin dizal kuwa gara da ba ta ji ba, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Za ta ji ana ta taro a manyan otal cewa ƙasashen Afirka za su buɗe wa juna kasuwa, ta ce madalla, sannan ta juya ta tambayi Modu ko igiyoyin hanya sun ragu. Za ta ji manyanmu da manyan maƙwabta sun sami saɓani har ana maganar ƙarin haraji, ta ja tsaki, ta ce su da ba su taɓa ɗaure dila ba. Gaskiya bakin iyaka bai gyaru yadda take fata ba. Har gobe kayan da suka ƙetaro teku suna karya namu a kasuwar maƙwabta, kuma mai dila ɗaya ce ke fara jin zafin kowane ƙari. In akwai mai iko da ke karanta wannan shafi, roƙona bai wuce ya rage shingaye ba, ya bar kayan da hannun maƙwabci ya yi su wuce da sauƙi. Sauran aikin mun iya.

Amma na san a ƙarshe murmushi za ta yi, irin nata mai nuna wushirya. Ba ta bar gidaje ba, ba ta bar filaye ba, shagon ma haya ne. Gwala-gwalanta an raba, zannuwanta sun tsufa a jikin dangi. Abin da ta bari, wanda rufe iyaka har sau biyu da tsadar mai suka kasa kashewa, shi ne tambayar nan tata mai ban haushi, da matan da suka gane cewa in sun haɗa kaya ba mai yanka musu farashi yadda ya so. Kwanaki na ji Rashida ta tsayar da 'yarta a ƙofa tana yi mata ita, yarinyar tana tura baki. Na leƙa ta katanga na ce, "Rashida, ina alkawari?" Ta ce, "Inna, don Allah ki rufa mini asiri."

Makon jiya mota ta iso daga Damagaram, 'yar Hajiya Zali ta aiko mini da dabino na musamman, mai laushi, ta ce na ƙawar Alhaja ne. Ina kwance ƙullin na san na samu abin da na shekara tara ina nema. Na taka kujera na sauko da koriyar langa, na wanke ta, na cika ta har murfin ya ƙi rufuwa, na ɗauka da kaina na zagaya. Rashida tana ganin langar ta gane ta. Ta karɓa da hannu biyu ta shige ɗaki, na juyo gida.

Washegari da hantsi aka yi sallama, ga langa ta dawo da zafinta. Alala ce. Attaruhu ya yi yawa, sak na uwarta, na ci ina hawaye, kuma ba zan ce duk na barkonon ba ne. Allah Ya jiƙan Alhaja Sikira, Ya sa abin da ta tarar ya fi abin da ta bari. Ni dai bari in ajiye alƙalami haka nan, tun safe na jiƙa shinkafar sinasir, kuma langar mutane tana hannuna.